Takalman Kofur

Laraba, 4 ga wata, bakwai na safe

Likita ya ce in riƙa rubuta komai: yaushe ya ci, yaushe ya sha magani, yaushe ya yi fitsari. Shekara ashirin da biyu ina sayar da takalman gwanjo ban taɓa riƙe littafi ba, kaina ya ishe ni. Yau ga ni da biro ina rubuta fitsarin kare.

To, ga shi. Shida da rabi, Kofur ya yi fitsari. In gaskiya za a bi, ni na yi masa. Hannu biyu ake sawa a ƙasan cikinsa, a lalubo mafitsarar, tana nan kamar ƙaramin lemo, a matsa a hankali har ta sace. Sau uku a rana. Shi yana kallon bango, ni ina kallon rufi, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa.

Kofur karen maigida ne. Mutanen da ya yi wa tuƙi shekara goma sha ɗaya ne suka bar masa shi da za su koma ƙasarsu. Wani a bar masa firij, wani a bar masa mota, mu aka bar mana kare mai dogon baya da gajerun ƙafafu kamar bencin makaranta. Ni da shi gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Shekaranjiya Litinin ya diro daga saman matakalar ƙofar falo, hawa bakwai, zai bi babur. Kafin ya kai bakin get ƙafafun baya sun ƙi. Ya ci gaba da jan jiki da na gaba har sai da na je na ɗauke shi.

Likita ya ce, "Babur ɗin wa ya bi?"

Na ce, "Babur dai."

Ya ce akwai wani abu mai laushi tsakanin ƙasusuwan baya, shi ne ya fashe ya danne laka. Tiyata ba a nan ake yin ta ba, tafiyar ma kaɗai tana iya ƙarasa shi. Saura keji, sati huɗu ba motsi, a riƙa juya shi kada gefe ɗaya ya yi gyambo. Ran Litinin 30 ga wata za a sake dubawa. "In har ranar bai fara jin ƙafafunsa ba, sai mu zauna da mai karen a yi maganar allurar da za ta hutar da shi gaba ɗaya."

Na ce ni ce mai karen. Ya duba kati ya ce ba sunana ne a kai ba.

Laraba, shida na yamma

Ya kira. Maigida ke nan, yana gidan Yayarsa. Wannan na riga na sani, unguwa ma ta sani.

"Yaya Kofur?"

"Ya ci. Ya sha magani."

"To."

Minti ɗaya bai cika ba. Na duba.

Juma'a, 6 ga wata, uku na rana

Yanzu sha biyu nake rufe rumfa in je gida in dawo, daidai lokacin da ma'aikata ke fitowa neman takalmi. Maƙwabciyata mai jakunkuna, wadda duk layin ke kira Rediyo don ba a kashe ta, ta ce, "Ƙawata, wai haihuwa kika yi ba ki gaya mana ba? Kullum sha biyu kin tafi shayarwa."

Na ce, "Eh, namiji ne. Da ke yake kama, musamman bakin."

Layi ya kwashe da dariya. Da ta lafa sai Rediyo ta matso ta rage murya, abin da ban san tana iyawa ba. "Shi maigidan fa?"

Na ce mata baƙin takalmin can lamba arba'in da biyu ne, in wani ya taya kada ta yi saurin sakinsa.

Asabar, 7 ga wata, shida da kwata

Fitsari uku. Kashi ɗaya, a kan zanen da na fi so. Ya kira.

Lahadi, 8 ga wata, goma na safe

Kejin yana falo, inda kujerar maigida take da. Na tura kujerar jikin bango don ta fi dacewa a can.

A wannan falon ƙannensa biyu suka zauna ranar, da kofunan shayi a hannu. Kofunan na wanke su tuni. Ni dai abin da na faɗa masa a gabansu ba ƙarya ba ne. Duk wanda ke ɗakin ya san wa ke fita da safe kuma wa ke zama tun da aikin tuƙin ya ƙare. A kasuwa in kika saki irin wannan maganar, a yi dariya a ce bakinki ba dama, a wuce. Babu wanda ya yi dariya. Ƙaramin ma ajiye kofinsa ya yi a hankali kamar kada ya ta da wani daga barci.

Na juya Kofur gefen hagu.

Talata, 10 ga wata, biyar na yamma

Na mintsini yatsan ƙafarsa ta baya, ƙafar ta janye! Sau uku na gwada, sau uku tana janyewa. Saura kaɗan in yi guɗa a falo ni kaɗai.

Talata, shida da minti goma

Na gaya masa. Minti huɗu.

Laraba, 11 ga wata, ɗaya na rana

Likita ya sa hantsaki ya matse yatsan. Ƙafar ta janye. Na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Ke kin ga fuskarsa?"

Kofur yana can yana kallon ƙuda a jikin taga, kamar ƙafar maƙwabci ake matsewa.

"Ƙafar ce take janye kanta, saƙon bai kai kai ba. Ki daina kallon ƙafar. Ranar da kika mintsine shi ya waiwayo ya gaya miki baƙar magana, ranar ki kira ni."

Na ce, "Likita, ni sana'ata ƙafar mutum nake fara kallo kafin fuskarsa."

Ya ce to in canza sana'a na sati uku. Yaro ne ƙarami, gemunsa ma bai gama yanke shawarar fitowa ba, amma bakinsa zai yi kasuwa.

Ya yarda in riƙa sauko da shi tsakar gida sau biyu a rana. In ɗauke shi cak a matakala, in ratsa tawul ta ƙarƙashin cikinsa in riƙe, ya yi taku goma a koma keji. Kada ya kuskura ya tsaya da nauyin kansa.

Ƙari da dare: da shida na gyara wa maigida maganar jiya. Ya ce, "To." Shi ke nan.

Juma'a, 13 ga wata, takwas na safe

Tafiyar tawul tana da nata. Na gaba suna tafiya, na baya suna bin su a kife, bayan yatsun yana gogar siminti. Kwana biyu har fatar ta ɗaye.

A kowace dilar gwanjo akan sami takalman jarirai wari ɗai-ɗai waɗanda ba su da 'yan'uwa, ina tara su a buhu don ba na iya zubar da kaya. Na zaɓo biyu, ja a hagu, shuɗi a dama, masu maɗauri. Na wanke, na goge, na bi ƙasansu da baƙin fenti yadda nake yi wa kowane takalmi don a ga kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Sai da na gama na tuna wanda zai sa ba zai taya ba. Hannu ne ya saba.

Rediyo ta ce, "Lamba nawa yaron namu yake sawa? In nemo masa jakar makaranta?"

Na ce ta nemo mai zif, irin wanda za a iya ɗinka wa mutum a baki.

Litinin, 16 ga wata, shida da rabi

Sati biyu cif. Ba canji.

Yau bai tsaya a "To" ba. Ya ce, "Ina ganin kada mu jira talatin ga wata. Wahala kawai muke ba shi."

Na ce, "Likita sati huɗu ya ce."

"Na san karen nan. Ba ya son a ɗauke shi kamar kaya."

"Ka ba ni sati ɗaya."

"Ba ciniki muke yi ba."

"Kwana biyar."

Sai ya kashe wayar.

Ba don kare nake yi ba, kada littafin nan ya ɗauka wani abu. Aiki ne na fara, ba na barin aiki a tsakiya. In an yi allurar, ban san abin da zai sa mutum ya kira wani da ƙarfe shida ba. Wannan lissafi ne kawai.

"Mu" ya ce. Sau uku.

Talata, 17 ga wata, huɗu na yamma

Takalmin da ya kwana wata uku a cikin dila yakan fito a lanƙwashe kamar busasshen kifi. Ba wanda zai saya haka. Sai a cusa masa takarda har hanci, a tsayar da shi, a juya gefen da ya fi kyau wajen haske. Ba ƙarya aka yi ba, nuna wa mai saye ake yi yadda takalmin zai zama.

Na fito da Kofur daga keji. Na sa ƙaramar kujerar tsuguno a ƙarƙashin cikinsa, na rufa tawul a bayansa ya sauko ta gefe, na daidaita ƙafafun baya a kan siminti, ja da shuɗi. Ya yi ɗan ƙara da na gyara ƙugun, amma ya tsaya. Na durƙusa ta gaba na ɗauka. Hoto ya yi kyau, har harshe ya fito.

Na tura wa maigida. Ban rubuta komai a ƙasa ba, don haka ba wanda zai ce na ce.

Talata, shida da minti ashirin

Minti goma sha ɗaya. Ya tambaya ko famfon banɗaki ya daina ɗiga.

Laraba, 18 ga wata, bakwai na safe

Ya ƙi cin abinci. Jikinsa na rawa. Da na zo juya shi ya yi kukan da ban taɓa ji ba tun ranar matakala.

Alhamis, 19 ga wata, biyu na rana

Ashe da murnarsa maigida ya hau babur ya kai wa likita hoton. Likita ya sa yatsu biyu ya buɗe shi, sai ga ƙafar kujera tana leƙe ta ƙarƙashin tawul. Ni da nake gano ɗinkin da aka ɓoye daga taku biyar.

Likita ya zo gida da kansa. Ya duba, ya ƙara magani, ya hana tawul kwana huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Abin da ya fashe a bayansa bai gama kamewa ba. Kin lanƙwasa shi a kan katako. Da ya ƙara fashewa, da yau ba maganar talatin ga wata muke yi ba."

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito. A rubuta wannan, bai taɓa faruwa ba.

Alhamis, shida na yamma

"Har kare ma sai da kika cusa wa takarda?"

Abin da ya ce ke nan.

Juma'a, 20 ga wata, bakwai na yamma

Bai kira ba.

Asabar, 21 ga wata, bakwai na yamma

Kofur ya ci rabin kwano. Bai kira ba.

Lahadi, 22 ga wata, shida da rabi

Ashe shi ma ya san ƙarfe shida. Da ta yi sai ya ɗaga kai ya kalli wayar a kan tebur. Da can nakan buɗe muryar ya ji, ban rubuta wannan ba don ba ya cikin abin da likita ya ce. Muka kalli wayar tare zuwa da rabi, sannan na matse masa mafitsara.

Na ce masa ya yi haƙuri da batun kujerar. Ya lashi bayan hannuna. Sai da na wanke da sabulu, amma ban yi sauri ba.

Talata, 24 ga wata, ɗaya na rana

An koma tawul. Taku goma, ba ƙari.

Rediyo ta sayar min da takalmi ƙafa uku ina gida. Ta ce, "Ki je masa mana. Baki kika yi amfani da shi kika ɓata, baki za ki sa ki gyara."

Na ce, "Bakina irin wuƙar mahauta ce, ba ta ɗinki."

Ta ce to in ari nata. Na ce nata ai ba ya dawowa in an ara.

Alhamis, 26 ga wata, bakwai da rabi na safe

Kullum in mun dawo daga tsakar gida nakan cire takalman in kakkaɓe. Samansu duk ya cinye, hancin ja har ya huje, don a kife yake jan su. Ƙasansu kuwa baƙi wuluk yadda na fente shi, don bai taɓa taka ƙasa ba.

Yau na juya ja. Fentin ya ci. Wuri kaɗan, kamar faɗin farce, daidai ƙarƙashin yatsu. Na juya shuɗi, yana nan baƙinsa.

Na zauna a matakala na daɗe ina kallonsa. Mutum na iya yi min ƙarya, ni ma na iya, amma ƙasan takalmi ban taɓa ganin ya yi ba. Ba abin da zai ci wurin nan sai in ƙafar ta juyo ta dafa siminti ta tura. Ina riƙe da tawul ta sama ba na ganin abin da ke faruwa a ƙasa.

Na mintsine shi a hankali ina kallon fuskar. Kunne ya motsa. Amma ƙuda ma na sa shi motsi. Na kasa matsawa da ƙarfi.

Juma'a, 27 ga wata, tara na safe

Wurin ya ƙaru. Na kira likita.

Ya ce, "Wani hoton ne?"

Na ce takalmi ne.

Ya ce, "Litinin, ƙarfe tara."

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya taɓa sayen takalmin da aka manne a hannunki, ko sabo dal kika miƙa masa sai ya lanƙwasa ya gani.

Asabar, 28 ga wata, biyar na yamma

Yaya ta zo kwasar sauran kayansa. Ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi, alhali sau biyu nake wanke falon nan a rana.

Na ce, "Yaya, ko ruwa?"

"Na sha a gida." Ta kalli kejin. "Ya ce in gaya miki ran Litinin zai zo wurin likitan ya sa hannu. A huta. Shi ma ya huta, ba ya cin abincin kirki."

"Ba ya son albasa da yawa."

"Ni na goya shi, ba sai an gaya min ba."

Na haɗa kayan. Riguna shida, takardunsa, rediyon aljihu. Maganganu sun cika min baki har ina jin ɗacinsu, wasu masu kyau ne ma, da sun zauna daidai. Na haɗiye. Na ɗauko jan takalmin na sa a leda na miƙa mata.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ki ba shi."

"In ce me?"

"Kada ki ce komai, Yaya. Direba ne, ya san taya."

Ta riƙe ledar da yatsu biyu ta tafi. Na ɗaure wa Kofur wani kore a hagu, ya ɗan yi masa yawa.

Lahadi, 29 ga wata, bakwai na yamma

Bai kira ba. Na yi wa Kofur wanka da tsumma, na yanke masa farce. Ko me za a yi gobe, ba zai je da datti ba.

Litinin, 30 ga wata, sha biyu na rana

Mun same shi a bakin ƙofar likita, yana zaune a kan babur. Ya rame. Wuyan rigar ba guga.

Kofur ya gan shi ta cikin keji ya fara wani irin kuka, sai da mai tasi ya ce mu yi sauri mu sauke. Maigida ya durƙusa ya sa yatsu ta ragar. Bai kalle ni ba. Can ya zaro jan takalmin daga aljihu.

"Na duba shi da gilashi," in ji shi. "Na ɗauka da wuƙa kika kankare."

"Na sani."

"Wuƙa ba ta barin yashi a ciki. Kuma ta gefe ɗaya ya ci, kamar tayar da ba a daidaita ba."

A ciki takardar allurar tana kan tebur da biro a kanta. Likita ya ɗora Kofur, ya ɗauki hantsaki, ya ce kowa fuska zai kalla. Ya matse dama. Ƙafa ta janye, Kofur ya juya ido kaɗan. Ya matse hagu.

Kofur ya waiwayo ya kai wa hannun likita cafka, saura ƙiris.

Likita ya ja da baya ya ce, "To, ya gaya min baƙar maganar." Ya ɗauke takardar ya sa a aljihun tebur. Ya karɓi takalmin ya jujjuya, ya tambaye ni ta yaya na gane. Na yi masa bayani kyauta.

Ƙarin sati huɗu a keji. Mai yiwuwa ya yi tafiya, mai yiwuwa da ɗingishi. Matakala kuwa shi da ita har abada. Ya tambayi mai karen ina za a ci gaba da jinyar.

Maigida ya ce gidan Yaya bene ne.

Likita ya ce, "Kuma ka iya matse mafitsara?"

Ya ce zai koya.

Talata, 31 ga wata, biyar na yamma

Ya zo tun tara da katako huɗu a ɗaure a bayan babur. Gangara yake yi a kan matakalar, don ranar da Kofur zai fara sauka da kansa.

Da sha biyu na nuna masa matsar. Hannunsa ya yi nauyi, na ce ba birki ba ne. Sau uku yana lalube bai samu ba. Da na so, da na bar shi yana nema har wata ya ƙare, ba kowane sirrin sana'a ake bayarwa ba. Na kama hannunsa na ɗora a wurin.

Da ya koma kan katakon na tsaya a bayansa. Na shirya maganar tun asuba, mai tsawo, da shiga da fita. Abin da ya fito shi ne, "Abin da na faɗa ranar, a gaban yaran nan. Bai kamata ba."

Ya buga ƙusa ɗaya, ya buga ta biyu.

Ya ce, "Riƙe min nan."

Na riƙe.

Katakon bai isa ba, saura hawa biyu. Ya ce gobe zai ƙaro. Ya shiga ya duba famfon banɗaki, ya cire takalmansa a bakin ƙofa. Dunduniyar dama ta cinye sarai, wata ɗaya ba wanda ya duba masa. Na ɗauke su na kai ciki, na ajiye masa silifas. Gyaran zai ɗauki kwana biyu. In na ga dama, uku.

Fitsari biyu zuwa yanzu. Na yamma shi zai yi.